Layi Uku a Bargon Amarya

Ranar da Nafosat ta fara shiga shagon kekunan ɗinki na kasuwar Kokan, saye ya kai ta, ba musu ba. Tun daga bakin ƙofa ta gama zaɓe: wani farin keke fes, sai ɗaukar ido yake, ga 'yar fitila a goshinsa.

"Wannan nake so," ta ce tana dafa shi.

Saurayin da ke tsugune yana ɗiga wa wani tsohon keke mai ya ɗago kai. Dogo ne siriri, da baƙin mai a gefen hancinsa, shi bai ma sani ba. Ya dube ta, ya dubi keken, ya sake dubanta, wannan karon kallon ya wuce na ciniki.

"Me za ki ɗinka da shi, ƙanwata?"

"Korpa."

Korpa dai shi ne bargonmu mai kauri, wanda ake shimfiɗa auduga tsakanin yadi biyu a bi da ɗinki layi-layi. Sana'ar gidan su Nafosat ce tun kaka da kakanni, kuma duk Kokan babu wanda bai san hannun mahaifiyarta Mastura ba.

"To ba zan sayar miki ba," in ji saurayin.

Nafosat ta saki baki. "Ikon Allah! Na yi maka kama da wadda ba za ta iya biya ba ne?"

"Kin yi mini kama da wadda za ta dawo bayan sati guda ta jefe ni da shi. Wannan na masu ɗinka riga ne. Haƙoransa na ƙasa kaɗai ke jan yadi. Ki ɗora masa korpa, yadin ƙasa ya yi gaba, na sama ya toge, auduga ta dunƙule a tsakiya. Gudu gare shi, haƙuri ne babu."

"Kai kuwa sannu sarkin haƙuri."

Ya yi dariya har da dafa ƙirji. "Sunana Eldor. Keken bargo ba a zaɓensa da ido. Je ki ɗauko abu mafi kauri da kuke ɗinkawa, mu ɗora wa kekunan, kowanne ya faɗi gaskiyarsa da kansa."

Ta fita tana ƙunƙuni, amma fa sai da ta bar masa lambar wayarta, wai ko da sababbin kekuna za su iso. A bakin ƙofa ta waiwayo, ta kira shi da "aka", wato yaya, yadda muke kiran namijin da ya girme mu.

"Eldor aka, ka goge hancinka."

Ba son jiki ya sa Nafosat neman keke ba. Idon Aya, haka take kiran mahaifiyarta, ya fara rauni. Kullum da safe Nafosat kan zura zare a allura ashirin ta soke su a jikin matashi, Aya ta yi ta zara ɗaya bayan ɗaya har yamma. Shekara uku ke nan, kuma babu wadda ta taɓa tayar da zancen a cikinsu. Tun rasuwar mahaifin Nafosat alluran nan ke riƙe da gidan.

Da la'asar tana tsinke shinkafa wayarta ta yi ƙara.

"Assalamu alaikum. Eldor ne mai hanci. Na goge."

"Madalla. Sababbin kekunan sun iso ne?"

"A'a. So na yi in tabbatar lambar gaskiya kika ba ni."

"To ka tabbatar. Sai an jima."

"Yaushe za ki kawo bargon? Kekuna sun ƙosa. Musamman wani dogo siriri a cikinsu."

Ta tuntsire da dariya har shinkafa ta zube. Kakarta ta wajen uwa, Buvi, da ke zaune a ƙarƙashin rumfar inabi, ta leƙo ta saman tabarau.

"Ke da wa?"

"Ni da keke, Buvi."

"Uhm. A zamaninmu keke ba ya ba da dariya."

Sati uku aka yi ana wannan. Sau huɗu Nafosat ta koma shagon, kowane zuwa ta manta bargon, kuma Eldor bai taɓa jin haushin mantuwar ba. Daga "ƙanwata" aka koma "Nafosat-hon", kira na girmamawa, daga nan kuma, wata ranar Laraba, saƙo ya shigo da sabon suna.

"Zumata, kawuna mai shagon ya ce ko ki sayi keke ko in daina dafa miki shayinsa. Ni kuma na ce masa ba keke nake son ki ɗauka daga shagon nan ba."

Ta karanta ya fi sau goma. Son shi take, ta sani, kuma ba ta yi wa zuciyarta gardama ba.

Ranar Asabar Aya da Buvi suka tafi suna a maƙwabta. Nafosat ta shiga ɗaki neman abu mafi kauri. Can saman sanduƙi, a ƙarƙashin tarin barguna, ta ga wani naɗe cikin farin zane. Jan karan-miski ne, an shimfiɗa masa auduga lafiyayya, an ɗan kama gefensa, ba a fara ɗinki ba. Ta ɗauka aikin wata mai saye ne da bai zo kan layi ba. Ta ce a ranta layi ɗaya ko biyu a gefe ba zai ɓata komai ba. Ta naɗe shi ta tari mota.

Eldor ya shafa bargon ya yi fito. "Wannan shi ne alƙali. Bismilla."

Suka fara da farin nan nata. Kafin a kai kamu biyu ɗinki ya tattare, karan-miski ya yi ƙudundune. Eldor gira kawai ya ɗaga, duk da haka sai da ya kai layin ƙarshe don kada ta ce an yi wa kekenta rashin adalci.

Na biyu wani ƙato ne mai dogon wuya, mai maɓallai rututu. Ya yi ɗinki mai kyau, sai dai ƙanana ƙwarai, sun matse audugar ta kwanta.

Eldor ya ce, "Kuma ina za ku ajiye shi? Sai kun fitar da Buvi daga ɗakinta."

Na uku shi ne tsohon nan mai launin toka da ta tarar yana ɗiga wa mai ranar farko. Ba shi da kyan gani ko kaɗan.

"Duba ƙafar da ke danne yadin," in ji Eldor. "Takawa take, tana ja daga sama yayin da haƙora ke ja daga ƙasa, yadi biyu da auduga su tafi tare. Ga fili tsakanin allura da jikinsa, ki naɗe bargo ki tura. Kwarkwaronsa babba ne, yana cin zare mai kauri. Injinsa kuma in kin ce ya tafi a hankali, ɗinki ɗaya-ɗaya zai riƙa yi miki."

Ya taka. Keken ya kama tafiya, ɗinki manya-manya a miƙe, auduga ta tashi ɓul-ɓul gefe da gefe. Nafosat ta ji daɗi har ta tafa. Saura kaɗan layin ya kai ƙarshe sai ji suka yi ƙas! Allura ta karye.

Eldor ya laluba wurin, ya zura yatsa ta gefen da ba a rufe ba, ya zaro wani ɗan baƙin abu.

"Angurya? Wa ke barin angurya a cikin audugar bargo?"

Nafosat ta matso da sauri. Ta lalubi bargon da hannu biyu: ga wata, ga wata, ga wata can. A gidansu bargo iri ɗaya tak ake bar wa angurya da gangan, don fatan 'ya'ya, kuma Aya ba ta yi wa bare wannan. Na 'yar gida ne. 'Yar gida kuwa ita kaɗai ce.

"Na shiga uku," ta ce. "Eldor aka, bargon aurena ne."

Wanda bai san mu ba zai ce mene ne abin tashin hankali. To, a unguwarmu bargon amarya ba a fara shi sai an tara mata, tsohuwa mai albarkar 'ya'ya ta soka allurar farko. Ba a yi wa zarensa ƙulli ko ɗaya, don kada zaman auren ya ƙulle. Shi kuwa keke, kowane ɗinki nasa zare biyu ne suka sarƙe. Ga layi uku daga kai har ƙafa, kuma namiji ne ya yi su, a tsakiyar kasuwa!

Eldor ya ce ba zai bar ta ta shiga gida ita kaɗai ba. Shi ya ɗauko bargon.

Aya na ganin jan karan-miski a kafaɗar baƙon namiji ta dafe bango. Da ta shafa layukan da yatsa, sai ta zauna daɓas.

"Shekara biyu ina tara audugar nan! Jibi-jibin nan mutanen Sanobar za su zo neman aurenki wa Bahrom, ke kuma kin kwashi shimfiɗarki kin kai kasuwa!"

"Bahrom? Aya, da wa aka yi shawara?"

"Rufe mini baki!"

Sanobar ita ce mai injin shiɓar auduga a layinsu, gida uku tsakani. Ɗanta Bahrom ba mugu ba ne, sai dai tun da ya sayi mota bai ƙara gaida kowa da baki ba, sai da hon.

Eldor ya sa hannu a ƙirji ya sunkuya gaban Aya, ya kira ta Hola, wato inna. "Hola, laifina ne. Ni na ce ta kawo, ni na ɗinka. Ku yanke mini hukunci."

Aya ta dube shi sama da ƙasa. "Za ka warware. Ɗaya bayan ɗaya, da hannunka, a nan tsakar gidan inda zan ji motsinka. In ka ja wa karan-miskina zare ko ɗaya, sai na kai ƙararka gun dattawan kasuwa. Ka gama, ka kama gabanka. 'Yata ba ta mai keke ba ce."

Ta raka shi har ƙofa ta faɗa masa wata magana da Nafosat ba ta ji ba.

Da yamma Nafosat ta rubuta masa: "Ka yi haƙuri. Ni na ja maka. Yaushe za ka zo?"

Shiru.

Washegari ta sake: "Eldor aka, ko kalma ɗaya ce."

Shiru. Kwana uku babu shi babu amsa. Nafosat ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta ce dama daɗin baki ne irin na 'yan kasuwa, ya ga wuya ya tsere. A rana ta uku ta aika masa na ƙarshe: "Na gode. Keken ma na fasa."

Rana ta huɗu bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Eldor ne, yatsunsa uku naɗe da filasta, riƙe da ɗan ƙarfen farke ɗinki. Ya gaida Aya, ya gaida Buvi, bai ko kalli Nafosat ba. Ya hau gadon katako na tsakar gida, ya ɗora bargon a cinya, ya duƙufa.

Nafosat ta kawo shayi ta dire da ƙarfi har ya fantsama. Buvi ce ta yi masa tambayar a madadinta.

"Kai ɗan nan, ina ka shige kwana uku?"

"Gidan gwaggona a Margilon, Buvi. Ban taɓa warware ɗinki a karan-miski ba. Na ce gara in ɓata ƙyallayenta da in ɓata wannan."

"Wayarka kuma rijiya ta faɗa?"

Ya yi ƙasa da kai. "Hola ta ce kada in rubuta mata ko harafi sai na gama. Na yi alkawari."

Nafosat ta juya da sauri ta shige kicin. Can ta tsaya tana murmushi tana share hawaye, ta kuma dawo da wani shayin, wannan karon har da alewa.

Kwana shida yana zuwa, daga la'asar zuwa magariba. Ya ɗaga ɗinki ɗaya, ya yanke, ya zare, ya shafa wurin da yatsa. Buvi ta mai da shi abokin hira, har ta san sunan kakanninsa. Aya kuwa tana gefe da nata aikin, ba ta ce masa ci kanka, amma kunnenta na wurin.

A rana ta huɗu da fara aikin Sanobar ta faɗo gidan, Bahrom na biye da ita yana kaɗa makullin mota. Ta yi turus.

"Ashe gaskiya ne abin da ake faɗa! Mastura, wannan bargon dai ba zai shiga gidana ba. A sake sabo. Kuma yarinyar da ke yawo da shimfiɗarta a kasuwa, sai an ja mata kunne kafin ta zo mini."

Bahrom ya dubi Eldor ya yi dariya. "Aka, in ka gama akwai wandona da ya farke."

"Kawo shi shago," in ji Eldor, ko ɗagowa bai yi ba. "Muna da keken da ya dace da shi."

Aya ta soke allurarta a matashi ta miƙe. Ita fa tana iya yi wa 'yarta faɗa daga safe har dare, amma wani bai isa ba.

"Sanobar, kunnen 'yata ni na haife shi, ni ke jan sa. Keke ta je nema don ta sauƙaƙa wa uwarta. Bargo kuma ba zai shiga gidanki ba, wannan kin faɗi gaskiya. Ga ƙofa nan."

Bayan sun fita Buvi ta yi ta dariya har da tari.

A rana ta shida saura layi ɗaya, na tsohon keken. Eldor ya kai ƙarfe zai fara, Aya ta ce, "Dakata." Ta matso ta bi layin da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta juya bargon ta shafa bayansa. Mai sana'a ba ta iya ganin aiki mai kyau ta yi shiru.

"Wane keke ya yi wannan?"

"Wani tsoho ne, Hola. Shi ne mafi araha a shagon."

"Me ya hana ka sayar mata mai tsadar tun ranar farko ka huta?"

"Da ya ɓata muku suna. An san hannunku a garin nan."

Aya ta saki bargon. "Warware," ta ce, amma muryar ta sauka.

Da ya zare zaren ƙarshe, ya nemi butar shayi mai tafasa, ya riƙa kara karan-miskin a tururi yana shafawa da tafin hannu har ramukan allura suka rufe. Ya naɗe bargon ya ajiye a gaban Aya.

"Na gama, Hola. Kun ce in kama gabana, zan tafi. Amma ba zan ɓoye muku ba, ina son Nafosat, kuma da izininku zan turo iyayena."

Nafosat ta durƙusa kusa da uwarta. "Aya, ni ma ina son sa. Ba zan yi abin da ba ku yarda ba, amma kada ku ce ban faɗa ba."

Aya ta daɗe tana murza bakin zanenta. Da ta buɗe baki, ba faɗa ne ya fito ba.

"Gidanku yana can ƙetaren gari. Gidan Sanobar gida uku ne daga nan. Kuna tsammani motar Bahrom na gani? Ba na ganin kafar allura, ɗan nan. Shekara uku ke nan. In ta yi nisa, wa zai zura mini zare?"

Nafosat ta fashe da kuka ta rungume ta. Yau ce rana ta farko da maganar ta fito fili.

Eldor ya bari suka natsu, sannan ya ce, "Hola, hanyata ta zuwa kasuwa ta bakin layinku take bi. Kullum da safe zan sauke ta a ƙofar nan, in ɗauke ta da yamma. Keken ma nan za a kafa shi, ba gidanmu ba. Ita ta yi dogayen layuka, ku ku yi gefe da ado, wanda babu keken da ya iya. Ranar da ba ta da lafiya, ni zan zura. Yatsuna sun koyi aiki kwanan nan."

Ya ɗaga yatsun nan masu filasta. Dariya ta kuɓuce wa Aya cikin hawaye.

"Ji shi! To ka turo su. Amma ka gaya wa uwarka ni ba na son surutu."

Buvi ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Da kin ƙi, ni zan aure shi."

Kafin Eldor ya kai bakin titi wayar Nafosat ta yi ƙara.

"Zumata, an sake ni. Ina da saƙon kwana tara a ciki, ta ina zan fara?"

"Fara da ban haƙuri, Raina. Sauran ka kawo a hankali."

Sati biyu bayan nan aka karya gurasa a gaban dattawa, alamar baiko a wajenmu, magana ta tabbata. Aka kawo tsohon keken a bayan mota aka kafa shi a ɗakin da ke kallon rumfar inabi. Aka tara mata, Buvi mai 'ya'ya bakwai ta soka allurar farko, aka ɗinke bargunan amarya da hannu ana waƙa ana tsokanar Nafosat.

Biki ya zo da kaka, lokacin da rumman ya nuna. Tun da sassafe aka sauke tukwanen osh, dafa-dukarmu ta shinkafa da nama, unguwa ta ci ta ƙoshi, masu kakaki suka cika layi. Sanobar ma ta zo, ta ci faranti biyu tana cewa gishiri ya yi kaɗan.

Da aka fito da amarya bakin ƙofa, inda uba kan tsaya ya sa albarka, kawunta ya matsa gaba. Aya ta riƙe hannun rigarsa.

"Bari. Ni na yi mata uwa na yi mata uba, ni zan sallame ta."

Ta ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya. Ya sa ku tsufa tare, ku ga jikokin jikokinku. Nafosat, ban taɓa kwana da ɓacin ranki ba, na yafe miki duniya da lahira. Eldor, ɗana, ita ke nan gare ni. Na ba ka."

Muryarta ta karye a nan. Ta goge ido da gefen mayafi, ta daka musu tsawa.

"To me kuke jira? Ku tafi mana kafin in sake shawara!"

Aka yi dariya, aka shafa fatiha, mota ta tashi. Nafosat na kuka a cikin lulluɓi, Eldor ya sunkuyo ya yi mata raɗa.

"Yi kukanki, Zumata, na yau halal ne. Amma ki rage na gobe, uwata ta tara mata arba'in da za ki gaisar."

Ta kai masa ɗan duka a gwiwa, tana dariya hawaye na zuba.

Allah Ya albarkaci gidan Eldor da Nafosat, Ya ƙara wa Aya lafiya, mu kuma da muka ci osh ɗin Ya maimaita mana.